Ƙungiyar Gama Kai Da Cinikin Hatsi A Ƙasar Katagum

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyarmu, ɗan asalin Azare mai sana'ar hatsi a kasuwar Bodija, ya gabatar a taronmu na shekara a Sabo, Ibadan.)



Mai girma shugaban wannan taro, wakilin Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin 'yan kasuwa, ƙannena matasa, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro iyali lafiya. Ina godiya ga kwamitin shirya taro da suka ba ni wannan dama, alhali ga waɗanda suka girme ni a sana'a suna zaune. Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne cinikin hatsi a can gida, wato Azare da sauran ƙasar Katagum, da kuma ko ƙungiyar gama kai za ta iya yi wa manomanmu wani amfani. Ni ɗan kasuwa ne, na haura shekara 30 ina auna hatsi, saboda haka zan faɗi abin yadda ake ganinsa daga bakin buhu.

Jama'a, wane ne a cikinmu nan ba a taɓa bugo masa waya daga gida a watan Yuli ko Agusta an ce rumbu ya yi ƙasa, a taimaka da na awo ba? To ku tuna, wannan gidan da ya bugo, buhu nawa ya kai kasuwa a watan Nuwamba? Geron da ƙanenka ya sayar da kaka, shi ne kake aika kuɗi a sake sayo masa a tsakiyar damina, a kan farashin da ya fi wanda ya karɓa nesa ba kusa ba. Bambancin nan daga aljihunmu yake fita, mu da muke zaune a kudu, kuma kowace shekara sai mun biya.

Allah bai rage mu da ƙasar noma ba. A tudu muna da gero da dawa da wake da riɗi da gyaɗa. A fadamun kogin Jama'are, daga Jama'are zuwa Itas har Zaki, ana shinkafa ana noman rani. Azare kuma tana kan babbar hanyar Kano zuwa Potiskum da Maiduguri, ga hanyoyin Misau da Yana da Gadau duk a cikinta suke haɗuwa. Kaya akwai, hanya akwai. Inda gizo yake saƙa shi ne lokacin da manomi yake sayarwa, da halin da yake ciki a lokacin.

Yadda buhu yake tafiya

Bari in bi muku buhu ɗaya daga gona har zuwa nan. Manomi ya yi sussuka, ya ɗoro tiya 10 ko 20 a babur ya kai kasuwar ƙauye. Can ɗan ƙwarami yana jiransa da kwanon awonsa, kuma kowa ya san kwanon saye da kwanon sayarwa ba su cika zama ɗaya ba. Ɗan ƙwarami ya tara ya cika buhu, ya kawo Azare, ya ba dillali. Dillali ya haɗa shi da mai sari, ya ɗauki la'adarsa. Mai sari ya biya ɗinki, ya biya 'yan dako, ya yanki rasit, ya yi lodi. Daga nan ko a nufi Dawanau a Kano, ko a miƙo kudu kai tsaye, kwana biyu ko uku a hanya, kowane shinge da abin da ake sauke masa. In ta iso Bodija, a sake dako, a sake la'ada, sannan matan nan masu sayar da kongo-kongo su ɗauka.

Ba na tsaya nan don in zagi ɗan ƙwarami ko dillali ba, don ni ma a cikin layin nake. Kowannensu yana yin wani aiki: wani ya tara, wani ya san mai saye, wani ya sa dukiyarsa a mota ya kwana bai yi barci ba. A daminar 2024 ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri kusa da Azare, mai kaya a mota shi ya san abin da ya ji. Amma a duk layin nan mutum ɗaya ne ba ya iya cewa "ban sallama ba, sai wani makon." Shi ne manomi. Da kaka kowa ya girbe a lokaci guda, kaya ya cika kasuwa. A lokacin ne mai taki yake tsaye a ƙofar gida, ga kuɗin makaranta, ga bikin da aka ɗaga tun bazara. Wani ma tun da damina ya ci falle, wato ya karɓi kuɗi a kan zai ba da dami kaza in an girbe, a farashin da ko shi kansa ba ya son a ji. Wanda ya zo kasuwa da buƙata a goshi ba ya yin ciniki, abin da aka taya shi ne kuɗin kayansa.

Mun ga wannan ƙarara a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Duk wanda ya shiga kasuwar ƙauye da tsabar kuɗi, shi yake yanka farashi. Daga 29 ga Mayu na wannan shekarar kuma aka cire tallafin fetur, kuɗin fito da kaya daga ƙauye da na tayar da injin ban ruwa suka tashi. Mai saye yakan cire irin wannan ƙari daga abin da zai ba manomi, don shi ne ba ya iya musu.

Abin da aka gwada a baya

Maganar gama kai ba yau aka fara ta ba. Mu kanmu da gayya da adashi muka tashi. Ta zamani mai rajista da littafi kuwa, a Ingila aka kafa mata harsashi, a garin Rochdale a 1844, inda mutum 28, wasunsu masaƙa, suka tara 'yan kuɗinsu suka buɗe kanti. Dokokinsu ne duniya take bi har yau: kowane ɗan ƙungiya ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan jarinsa, ciniki hannu da hannu, riba kuma a raba ta gwargwadon cinikin da kowa ya yi da ƙungiyar. A Nijeriya wani Bature mai suna Strickland ya rubuta rahoto a 1934, aka yi doka a 1935, Jihar Arewa ta yi tata a 1956, sannan gwamnatin tarayya ta fito da wata a 1993.

A zamanin iyayenmu gyaɗa ce kuɗi. An kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, a 1954 ta koma ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukuma ita ke yanka farashi, wakilai masu lasin su saya su kai Kano, a jera dala. Manomi ya san abin da zai samu tun kafin ya kai sikeli, wannan alheri ne. Sai dai abin da ake ba shi ya gaza abin da ake sayarwa a ƙasashen waje, rarar kuma gwamnati ce take aiki da ita. Ƙungiyoyin gama kai na lokacin sun yi wakilcin sayen gyaɗa, suna kuma ba manoma rance kafin damina. Sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. A 1977 aka kafa hukumar hatsi ta ƙasa, a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe ta tare da sauran hukumomin ciniki. Tun daga ranar manomi ya zama shi da kasuwa, ba mai shiga tsakani.

To me ya kashe yawancin ƙungiyoyin nan? A ganina abu na farko shi ne daga sama aka jefo su. An ce ba za a ba da taki ko rance ba sai ga ƙungiya, sai a kwana ɗaya a tara sunaye a yi hatimi. Ranar da taki ya ƙare, ranar ƙungiya ta mutu. Haka muka sake gani bayan da Babban Banki ya ƙaddamar da shirin rancen manoma a Kebbi a watan Nuwamba 2015: ƙungiyoyi suka tsiro kamar ciyawar farkon damina, da aka zo biya kuwa sai aka yi ta neman mutane. Na biyu, mutanenmu sun ɗauki kuɗin da ya fito daga hukuma a matsayin rabonsu, ba sa ganin bashi ne. Na uku, littafi da mabuɗi da kuɗi duk a hannun mutum ɗaya, kuma yawanci babba ne wanda ake jin nauyin tambayarsa. Na san wata ƙungiya a wani ƙauye da ta tara buhu masu yawa, aka wayi gari sito ba kome, har yau ba wanda ya iya buɗe baki, don ma'ajin surukin rabin garin ne.

Lissafin ajiya

Yanzu bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Don sauƙi, mu ɗauka buhu da kaka naira 100 ne, misali kawai nake bayarwa. Ka saya ka ajiye wata 6. Buhun ajiya, hayar sito, mai gadi da dako, a ce sun ci 12. Hatsi ya ƙara bushewa, ɓera ya taɓa, a ce ka rasa 3. Ke nan buhun nan ya tsaya maka 115. In ya kai 150 da damina, ka ci 35. In ya tsaya 110, ka faɗi 5, ga kuɗinka sun kwanta rabin shekara ba su juya ba. In kuwa da bashin banki mai ruwa ka saya, sai ka ɗora ruwan a kan 115 ɗin nan, ka ga inda ka kwana.

Na kawo wannan ne don kada wani ya fita daga nan yana cewa ajiya riba ce tabbas. A 2024 hatsi ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. A watan Yuli na shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, na kwana 150. Mutane da yawa suka cika sito da kakar 2024 suna jiran irin ta baya, sai a 2025 farashi ya yi ƙasa. Akwai waɗanda suka sayar ƙasa da yadda suka saya, wasunsu suna cikin ɗakin nan. Haka nan rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, duk sun juya kasuwa ba tare da an yi shawara da manomi ba. Saboda haka ƙungiyar da za ta daɗe ba ta zuba duk jarinta a kaya iri ɗaya, ba ta ajiya da kuɗin ruwa, kuma tana fitar da kaya kashi-kashi, ba ta jiran ƙololuwar farashi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nisa a nan. Tun ƙarshen shekarun 1990, da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fara abin da suke kira warantaji. Manoma su tara hatsinsu a sito ɗaya da kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba kowa wani kaso na darajar kayansa, ya je ya yi kiwo ko noman rani. Bayan wasu watanni ya biya, a buɗe sito, ya ɗauki kayansa ya ci ko ya sayar a lokacin da suka yi daraja. Suna kuma da bankin cimaka a ƙauyuka, wanda yake saye da kaka ya sayar wa mutanen gari da rangwame lokacin da abinci ya yi wuya. Dabarar kwaɗo biyun nan abin ɗauka ce.

Wani abin ɗauka shi ne buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban. Iska ba ta shiga, ƙwari su mutu da kansu, ba sai an zuba magani ba. Kun san a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Kun kuma san yadda matan Ibadan suke ɗibar wake su shinshina kafin su taya. Waken da aka tabbatar ba magani a cikinsa yana da masu nemansa a nan.

Ta fuskar shari'a

Na san wani zai ce, ashe ba ɓoye abinci ba ne wannan? Ga malamai nan zaune, amma abin da muka karanta a Islamiyya shi ne, abin da aka hana shi ne mutum ya kwashe abinci daga kasuwa ya ƙulle alhali jama'a suna cikin buƙata, don ya tsananta musu. Manomin da ya adana abin da ya noma bai shiga wannan ba. Annabi Yusuf, alaihis salam, shi ya ba da shawarar a bar hatsi a zangarniyarsa a shekarun wadata don shekarun fari. Kakanninmu ma da zangarniya suke zuba gero a rumbu. Sharaɗin shi ne in gari ya shiga matsi, a buɗe sito.

Sai maganar riba, wato kuɗin ruwa. Hanyar da na ga ta fi tsabta ita ce kada ƙungiya ta ba da rance sam. Ta sayi hatsin ɗan ƙungiya a farashin kasuwar ranar, a kan sikeli, ta biya shi nan take ya je ya kashe buƙatarsa, a rubuta buhu nawa ya kawo. In an sayar, a cire ɗawainiya, a ware na asusun ko-ta-kwana, sauran a raba kashi biyu: kashi ɗaya ga masu hannun jari, kashi ɗaya ga manoma gwargwadon buhun da kowa ya kawo. In faɗuwa aka yi, masu jari ne za su ɗauka, manomi ya riga ya karɓi kuɗinsa. Wanda kuma yake buƙatar kuɗi da damina, shari'a ta buɗe ƙofar salam: a biya shi kuɗin duka a take, a fayyace irin hatsin, da yawansa, da ranar kawowa. In ƙungiya ta yi haka a kan farashi na adalci, falle ya rasa kasuwa.

Abin da nake roƙo

'Yan'uwa, manomanmu suna da kaya, ba su da jari, ba su san mai saye ba. Mu kuma muna da ɗan jari, kuma mai saye a ƙofar shagonmu yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da nake ba da shawara.

A fara da gunduma ɗaya, sito ɗaya, kaya biyu: gero don ci, wake don kasuwa. Kada a fara da ginin ofis ko sayen mota. Kuɗin da muke aikawa na awo, mu mai da wani kaso nasa hannun jari, a kuma ƙayyade iyakar hannun da mutum ɗaya zai iya saye, don kada wani Alhaji ya wayi gari ƙungiya ta zama tasa. Kowa ƙuri'a ɗaya. Mabuɗi uku a hannun mutum uku da ba gida ɗaya suka fito ba. Mai riƙe littafi daban, mai riƙe kuɗi daban, kuɗi kuma a banki, ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu. Kowane wata a karanta lissafi da Hausa a gaban jama'a, a ɗauki hoton shafin a turo mana ta WhatsApp. A ware kashi ɗaya cikin uku na geron, ba za a fitar da shi gari ba, sai a sayar wa 'yan ƙungiya da damina a kan yadda ya tsaya. A yi rajista a ofishin gama kai na jiha don a samu doka a bayanmu, amma kada a jira tallafin kowa, kuma kada a ɗauki kuɗin ɗan siyasa, don wanda ya ba ka zai so ya faɗa maka wanda za a sa ma'aji.

Kada a bar iyayenmu mata a baya. Su ne masu fura, masu ƙuli-ƙuli, masu ƙosai, su ne suke sayen tiya-tiya da tsada kullum. Su ne kuma suka riƙe adashi shekara da shekaru ba a ji kansu ba. In aka sa uwar adashi a kwamitin kuɗi, ni dai hankalina zai fi kwanciya.

Ga 'yan'uwana 'yan kasuwa masu tsoron wannan zai taɓa cinikinmu, ina ce muku ku tuna sau nawa kuka farke buhu kuka tarar da tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiya, sau nawa algus ya raba ku da abokin ciniki na shekaru. Buhun da ya zo da nauyinsa cikakke, da sunan ƙungiya a jikinsa, wanda in an samu matsala an san ƙofar da za a buga, ya fi mana arha ko da mun ƙara wani abu a kansa.

Ranka ya daɗe shugaba, ina roƙon kafin a tashi daga taron nan a naɗa mutum biyar, har da mace ɗaya, waɗanda in sun je gida da Sallah za su zauna da manoma da masu unguwanni da malamai, su ji ta bakinsu, su duba sito, su kawo mana rahoto a taro na gaba. In an ga dama a sa ni a ciki, zan biya kuɗin motata.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare amfanin gonarmu daga fari da ambaliya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da mutanen da muke zaune a cikinsu. Allah Ya jiƙan iyayenmu. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi.